Wane suna za mu ba doguwar tafiyar ganin ƙasa a kan keke?

Mai tambaya, daga Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum malamai da iyayenmu. Ina neman taimakonku a kan abin da Turawan Ingila suke kira cycle touring, Faransawa kuma cyclotourisme, domin ina son mu tsayar masa da suna guda wanda manomi da ɗalibi za su ji su gane nan take. Abin da ake nufi shi ne mutum ya ɗaure kayansa a kan keke, ya yi kwanaki ko makonni yana bin hanyar da aka tsara, yana kwana a ƙauyuka ko a cikin tanti, ba tare da ya fita saye da sayarwa ko gasa da kowa ba. Al'adar ta daɗe, domin tun 1878 aka kafa ƙungiyar masu irin wannan tafiya a Ingila. Hanyoyin da suka fi jan hankalina su ne waɗanda suke ratsa ƙasar tafkuna da dazuzzuka. Akwai wadda ta zagaye Tafkin Konstans, kimanin kilomita 260 ta cikin Jamus da Ostiriya da Suwizalan, akwai Green Velo a gabashin Foland mai tsawon kusan kilomita 2,000, sannan a nan Afirka akwai wadda Ruwanda ta buɗe a 2011 a gefen Tafkin Kibu, kilomita 227 daga Rubavu zuwa Rusizi, wadda mai keke yakan gama cikin kwana biyar. Na gwada “yawon buɗe ido da keke”, amma ya yi tsawo, kuma yana da wuyar sarrafawa a jimla idan an zo maganar mai yin tafiyar ko hanyar da yake bi.

Daga Argungu, malamin makaranta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Da farko mu kawar da “tseren keke”, wanda na ji wasu suna amfani da shi a wannan wuri, domin tsere yana da alƙali da lokaci da wanda ya zo na ɗaya, alhali mai wannan tafiya yakan tsaya a bakin ruwa ya yi sa'a guda yana kallon masunta. “Yawon keke” ma bai dace ba, saboda duk uban da ya ji an ce ɗansa ya tafi yawon keke zai ɗauka yaron ya gudu daga aika ne. Ni shawarata ita ce “rangadin keke”, tun da rangadi tafiya ce da ake tsarawa gari bayan gari, a san inda za a kwana da ranar da za a dawo.

Daga Yawuri, dattijo mai gyaran keke:

Malam, Allah ya ƙara sani, amma rangadi na masu mulki ne. Sarki ko hakimi ko babban jami'i ne yake fita rangadi don ya duba jama'arsa, kuma ana tarbarsa da shiri. Wanda ya iso ƙauye da ƙura a fuska yana tambayar inda zai sami ruwan sha baƙo ne, kuma sunan bai kamata ya ɗora masa rawanin da ba nasa ba.

Abin da nake so ku lura da shi shi ne, kusan duk kalmomin da wannan tafiya take bukata muna da su tun zamanin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Inda za a sauka a kwana zango ne, haka kuma tafiyar yini guda daga masauki zuwa masauki. Wanda ya san hanya yake jan ayari madugu ne, abincin da aka ɗauka kuma guzuri. Jakunkunan nan biyu da suke rataye a dama da hagu na tayar baya, waɗanda kuke gani a hotunan Turawa, mangala ce, irin wadda ake ɗora wa jaki, kuma dokarsu ɗaya: idan gefe guda ya fi nauyi, abin hawa zai riƙa rinjaya. Masu kawo busasshen kifi kasuwa a kan keke sun san wannan sarai, shi ya sa za ka ga mutum ya ɗaga kwandunan biyu da hannuwansa yana gwada nauyinsu kafin ya ja igiyar roba ya ɗaure a kariya. Famfo da faci da birki da feda kuwa sun riga sun zama namu, babu dalilin a sake musu suna.

Daga Zuru, malama:

Baba, wannan bayani ya warware rabin matsalar, kuma na karɓi mangala da zango hannu biyu. Sai dai ba za mu ce “fataucin keke” ba, domin mai sauraro zai fahimci sayar da kekuna ake nufi. “Tattaki” kuma na ƙafa ne a asalinsa, ko da yake 'yan jarida sukan yi amfani da shi ga wanda ya hau keke daga wani gari zuwa wani don taya ɗan siyasa murna. Ni ina ganin “balaguron keke” ya fi kowanne. Balaguro tafiya ce mai nisa wadda ake kwana a cikinta, kowa yana iya yin ta, kuma kalmar ba ta ɗaure mutum da wata manufa ta ciniki ko mulki ko gasa ba. Tana kuma sarrafuwa cikin sauƙi, a ce mai balaguron keke, masu balaguron keke, sun fita balaguron keke.

Game da hanyar, ina roƙon kada a yi amfani da burtali ko labi, domin waɗannan hanyoyin dabbobi ne, kuma mun san yawan rigimar da ake yi a kansu tsakanin manoma da makiyaya. Gwadabe ya yi faɗi. Turba ce ta dace, hanyar da aka sani aka saba bi, wadda ba lallai ne mota ta iya shiga ba.

Daga Argungu, malamin makaranta:

Malama, na amince da balaguro. Abin da zan ƙara shi ne mu bambanta daji da kurmi idan muna bayanin waɗannan wurare. Inda itatuwa suka haɗe sama har rana ba ta isa ƙasa sosai, kamar Nyungwe a kudu maso yammacin Ruwanda, kurmi ne. Namu na kewayen Kainji, mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, daji ne, kuma idan hukuma ta keɓe shi sai a ce gandun daji.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Baba da malamai. Na gwada kalmomin a jimla guda kuma sun zauna: “Masu balaguron keke sun bi turbar gefen Tafkin Kibu, sun yi zango biyar, madugu yana gaba da guzuri a mangala.” Ban ga kalmar da za ta sa mai sauraro ya tsaya tambaya ba.

Dalilin da ya sa na damu da wannan magana shi ne muna da irin ƙasar da ake tsara waɗannan turbobi a cikinta. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 tafkin ya miƙo har ƙasar Yawuri, ga tsibirai da ƙauyukan masunta a Ngaski, ga fadamun shinkafa daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, ga duwatsun Zuru. A yau matsalar tsaro ta sa ba zan ba kowa shawarar ya shiga wasu daga cikin dazuzzukan nan a kan keke ba, kuma wannan yana yi mini ciwo, domin hanyoyi ne da iyayenmu suka bi da dare ba tare da fargaba ba. Amma bin fadama da rana a lokacin hunturu, daga gari zuwa gari inda jama'a suke, abu ne da matasa za su iya farawa bayan sun tuntuɓi masu unguwanni da jami'an tsaro. Daga yau zan riƙa rubuta “balaguron keke” da “turbar balaguron keke”, kuma ina roƙon 'yan'uwa da suke aiki a gidajen rediyo su gwada su a shirye-shiryensu, su sanar da mu idan masu sauraro sun kawo gyara.