Koyoti ya ɗauke mana kyanwa: a kashe su ne ko yaya?

Maman Ummi, Los Angeles: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya da na tashi sallar asuba na buɗe wa kyanwarmu ƙofar baya kamar kullum. Har rana ta take ba ta dawo ba. Da muka duba kyamarar tsakar gida, sai ga koyoti, dilan nan na Amurka, ya haura katanga kamar babu ita, ya cafke ta a wuya ya fice. Abin da muka tsinta a gindin ɓaure shi ne abin wuyanta mai 'yar ƙararrawa. Shekara shida tana tare da mu. Ummi ta rungume abin wuyan nan, ko abinci ta ƙi ci. Na kira ofishin da abin ya shafa, suka ce ba sa kama koyoti sai in ya far wa mutum. Ni dai a ganina a kafa tarko a kashe su kaf, kowa ya huta. Unguwa ce nan, ba daji ba.

Kawu, Dallas: Allah ya mayar da alheri, 'yata. Gaskiyarki. A ƙauyenmu in kura ta shiga garke sau ɗaya, maharba ba sa jiran ta dawo. Yau kyanwa ce, gobe fa? A 1981 koyoti ya kashe yarinya 'yar shekara 3 a ƙofar gidansu a Glendale, nan kusa da ke.

Baban Sadiƙ, Chicago: Hajiya, Allah ya ba Ummi haƙuri. Kawu, ranka ya daɗe, a yi mini afuwa, amma kisan nan an daɗe ana gwada shi. Tun 1931 aka yi dokar da ta ba gwamnatin tarayya ikon yaƙar irin waɗannan namun daji, an sa guba, an ɗana tarko, an harbe su daga jirgin sama, kuma har yau dubun-dubata ake kashewa duk shekara. Dabbar da a da take filayen tsakiya da yammacin ƙasar nan, yanzu babu jihar da ba ta sai Hawaii. Namiji da mace ne ke riƙe yanki guda, suna korar baƙi. Ka kashe su, fili ya zama babu mai shi, wasu su shigo daga maƙwabta. A nan Chicago, Stan Gehrt na Jami'ar Jihar Ohio yana bin diddiginsu tun shekarar 2000, yana sa musu na'ura a wuya. Da aka bincika kashinsu sama da tuli 1,400, a kowane ɗari 42 ɓeraye ne a ciki, 23 'ya'yan itace, sai barewa da zomo. Kyanwa kuwa ɗaya da ɗoriya.

Maman Ummi: Malam, ɗaya ce a takarda, amma a gidana ita kenan gare mu. Kuma a layinmu kaɗai kyanwa uku ta ɓata bana.

Ɗan Auta, San Diego: Maman Ummi tana da hujja fa, Yaya. Chicago daban, Kalifoniya daban. Hukumar kula da gandun daji ta ƙasa ta yi irin wannan bincike a Los Angeles, ta tarar da ragowar kyanwa a tuli 20 cikin ɗari a cikin gari, 4 kacal a unguwannin gefe. Sai dai da yawansu kuliyoyin titi ne da mutane ke ajiye wa abinci a waje. Kwanon ya tara kyanwa, ya tara ɓera, shi kuma ya zo ya tarar da su wuri guda.

Anti Nas, Vancouver: Bari in faɗi abin da muka gani a nan. Daga ƙarshen 2020 zuwa 2021 koyoti sun ciji mutum wajen 45 a Stanley Park, babban wurin shaƙatawa na nan Vancouver, har da ƙananan yara. Sai da aka riƙa rufe wurin da dare, aka kashe wasu daga cikinsu. Da aka bi ba'asi, mutane ne ke ba su abinci, wasu da hannu don su ɗauki hoto. Tsoron mutum ya fita daga ransu. Irin wannan kam ba na jayayya, a kawar da shi. Amma Kawu, mutum biyu ne aka tabbatar koyoti ya kashe a Amurka da Kanada gaba ɗaya: yarinyar Glendale, da wata mawaƙiya 'yar shekara 19 a Nova Scotia ta Kanada a 2009. Karnukan gida kuwa suna cizon mutum wajen miliyan 4.5 duk shekara a Amurka, kuma yara ne suka fi jin jiki. Ni a asibiti cizon kare nake ɗinkewa.

Kawu: To a kwashe su a kai daji mana, in kisan ne ba kwa so.

Ɗan Auta: Dokar Kalifoniya ba ta yarda ba, Kawu. Wanda aka kama, ko a sake shi a wurin ko a kashe shi.

Baban Sadiƙ: Akwai wadda ta shafe mu kai tsaye, kuma da kaina zan fara. Babbar sallar da ta wuce muka kawo ragon layya daga gona, muka yi suya a bayan gida, na ɗaure ƙasusuwa da kitse a leda na jingina da shinge. Da safe ledar a yage, ƙashi har bakin titi, ga sawu a cikin laka. Mako biyu yana zagayowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun ranar shara ba ta kwana a waje sai cikin bola mai murfi, kuma duk na gan shi sai in ɗaga hannu in yi ihu in buga gwangwani har ya ɓace. Kada a juya masa baya a ruga. A kula musamman daga Afrilu, lokacin da suke da 'ya'ya a rami, don a sannan ne suke tare ƙananan karnuka.

Kawu: Na ji. Amma ƙarshen maganarku a kulle kyanwa a ɗaki, ko ba haka ba? Ku tuna matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare.

Malam Liman, Columbus: Allah ya ƙara girma, Alhaji. Matar nan tsare ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, har ta mutu. Wanda ya ajiye tasa a gida yana ba ta ci da sha don kada a cinye ta, bai shiga wannan ba. In ana so ta sha iska, a kewaye mata baranda da ragar waya har sama.

Maman Ummi: Allah ya gafarta Malam, wannan ta shige ni, don ni ma abin da ya sa nake buɗe mata ƙofa kenan. Na fita yanzu na duba: ɓaure ya zube fal a ƙasa, ga kwanon ruwanta a bakin famfo. Na share, na ɗauke. Kisan kaf na janye. Amma wannan guda ɗin ban janye ba, Baban Sadiƙ. Jiya da la'asar maƙwabciyata ta gan shi tsaye a bakin filin wasan yara, ta yi masa tsawa bai motsa ba. Gobe zan kai wa ofishin da na kira bidiyon kyamarar da kaina, tare da ita.

Anti Nas: Ki rubuta musu ranar da lokacin, ki ce an kore shi ya ƙi tafiya. Kuma kafin su zo, kada Ummi ta fita tsakar gida ita kaɗai.