Wa ya tattara muryoyin masu jan addu'a a majami'un Yahudawa?

Ɗalibi daga Omdurman: Assalamu alaikum. Wani abokina ya turo mini tsohon sautin wani Bayahuden Halab ta ƙasar Sham yana rera addu'a da Ibrananci, kuma ko da yake ban gane kalma ɗaya ba, kunnena ya kama maƙamin Hijaz sak, wato ɗaya daga cikin salon karin murya na Larabawa, irin wanda muke ji a bakin masu karatun Alƙur'ani. Daga ina suka samo wannan salo, kuma wa ya naɗi muryoyinsu?

Malam daga Mai Wurno: Wa alaikumus salam. Kunnenka bai yaudare ka ba, ɗana. Mai jan addu'arsu ana kiransa hazzan, kuma Yahudawan Halab, saboda ƙarnukan da suka yi suna zaune cikin Larabawa, sun ɗora ibadarsu a kan maƙamat, har kowace Asabar tana da nata maƙami gwargwadon sashen Attaura da za a karanta. Idan an buɗe sabon littafi na Attaura sai su ɗauki maƙamin Rast, ranar da aka zo labarin rasuwar Saratu kuwa Hijaz suke yi saboda alhini, sannan maƙamin Saba ya tafi da batun kaciya.

Malama daga Wad Madani: Malam ya gama da rabin farko. Game da tattarawa, sunan da ya fi fice shi ne Abraham Idelsohn, hazzan haifaffen Latbiya wanda ya zauna a Ƙudus. Tsakanin 1911 da 1913 ya riƙa zaunar da Yahudawan Yaman, Iraƙi da Farisa gaban na'ura yana naɗar muryoyinsu a faifan kaki domin ma'ajiyar sauti ta birnin Biyana na Ostiriya, daga baya ya fitar da kundi mai juzu'i 10 tsakanin 1914 da 1932, wanda ya soma da na Yaman. A ganina faya-fayan sun fi kundin daraja, duk da ƙarar da ke cikinsu, domin alamomin kiɗan Turai ba sa iya riƙe ɗan lanƙwasan murya da maƙami ya dogara a kai, kuma matashin da ke son farfaɗo da salon kakanninsa dole ya saurara, ya maimaita.

Dattijo daga Khartoum: Ku tuna cewa a nan ma an yi wannan rerawa. Malamin Yahudawan Sudan, Sulaiman Malka, haifaffen Maroko, ya iso Sudan a 1906, aka gina majami'arsu ta Khartoum a 1926. Mahaifina, wanda ya yi ɗinki a kusa da wurin, yakan ce da yammacin Juma'a yana jiyo muryoyinsu ta taga, wani lokaci har ya tsayar da keken ɗinkinsa.