Dan Allah ku ba ni shawara, wasan motsa jiki da nake wa yara ya jawo min magana a unguwa

Malamar Zaure: Assalamu alaikum matan gida, dan Allah a ɗora min wannan, kwana biyu kenan ban yi barcin kirki ba wlh.

Ni dai a Kano nake, na gama NCE na yi ta neman koyarwa ban samu ba, na yi aure na haihu, sai bara maigidana ya ce tunda zauren gidanmu ba abin da ake yi da shi sai ajiye babur da buhunan gawayi, in gyara in riƙa karɓar yaran maƙwabta. Da kuɗin adashina na sayi fenti da allo da benci uku, uwar mijina da farko ba ta so ba ta ce zan cika mata gida da hayaniya, sai da ƙanwarsa ta sa baki, ita ce ma ta fara kawo min nata guda biyu. Yanzu yara 14 gare ni, ƙaraminsu shekara 2 da rabi babbansu 5, daga ƙarfe 8 zuwa 12, kuma ni kaɗai ce, kuɗin watan ma wasu sai na yi ta aike kafin su bayar amma ban taɓa korar ɗan kowa ba.

Abin da ya dame ni tun farko, yaran nan ba su san jikinsu ba. Ɗan shekara 4 ki ce ya tsaya da ƙafa ɗaya sai ya zube, ki jefa masa ƙwallo sai ya runtse ido ta doke shi a ƙirji. Mu da muka tashi da langa da 'yar gala-gala da tsallen igiya har sai an kira magariba, su kuwa gida tayil, ƙofa a kulle, waya a hannu. Shi ya sa na ware rabin awa kullum kafin rana ta yi zafi mu fito tsakar gida, in ja layi da alli su bi a kai, su yi tafiyar agwagwa da tsallen kwaɗo, su yi rarrafe ta ƙarƙashin benci, su diro daga kan taya. Suna so ba kaɗan ba, akwai yarinyar da sai a wajen nan na fara jin muryarta.

To ranar Litinin wani yaro ɗan shekara 3 ya ji ciwo a hannu. Uwar ta zo har ƙofar gida ta ce karatu ta kawo shi ba wasan biri ba, jiya mata biyu sun riƙe nasu yaran, maigida ya ce in daina wasan gaba ɗaya kowa ya zauna a benci. Ni kuma zuciyata ba ta yarda ba. In daina ne ko yaya zan yi?

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Allah ya kyauta, amma ba ki faɗa mana yadda ya ji ciwon ba fa, faɗuwa ya yi ko karaya ce? Kuma yanzu yana ina?

Uwargida Zariya: Ki bi maganar mijinki 'yar uwa, ɗan mutane amana ne. Ranar da aka samu babbar matsala ba wanda zai tuna alherinki.

Malamar Zaure: Bai faɗi ba sam. Ya hau kan benci ne zai diro, ba tayar ba, na ga zai tafi da ka sai na cafko wuyan hannunsa na ɗaga shi sama. Sai ya ƙwalla ƙara, daga nan ya saki hannun yana lilo a gefensa ya ƙi ɗagawa, na miƙa masa biskit ya karɓa da ɗayan. Babu kumburi babu jini, na shafa masa man zafi.

Anti Fiziyo: Yauwa, da wannan ya kamata ki fara ƙanwata, ba da labarin fenti ba. Ni aikina kenan, shekaruna nawa a ɗakin gashin ƙashi na asibiti. Abin da kika kwatanta ya yi kama da gocewar gwiwar hannu ta yara, an fi ganinta daga shekara 1 zuwa 4. Akwai wata jijiya da ta zagaye kan ɗaya daga cikin ƙasusuwa biyu da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, daidai gwiwar, a ƙananan yara sako-sako take, da an fizgi hannu a miƙe sai ta zame ta maƙale. Yaro zai saki hannun a jikinsa, tafin yana kallon ciki ko baya, ya ƙi amfani da shi, yawanci ba kumburi. Haka take samun yaran da ake fizga a tsallake kwata da su, ko a kama hannuwa biyu ana lilo da su. Likita in ya duba ya tabbatar ita ce, juyi ɗaya yake yi ta koma, kafin ku bar asibitin yaro ya ɗauki abin wasa. Amma sai an duba, saboda ƙashin yara yana iya tsagewa ba tare da ya rabu biyu ba, kamar ɗanyen icce. A kai shi yau. Kuma daga yau ɗagawar yaro ta hammata ce ko ta ƙirji, ba ta hannu ba, ko a wasa ko a gaggawa.

Hajiya Kaka: Ku dai 'yan boko komai asibiti. Targaɗe ne, mai ɗori zai ja shi ya shafa magani a gama. 'Ya'yana tara, duk wanda ya gurɗe can na kai shi, ga su nan da hannuwansu.

Malamar Zaure: Ai Hajiya can uwar ta kai shi, an ɗaure hannun da kara da tsumma, ƙanwar mijina ce ta gano min. Ni kuma Anti da ban riƙo shi ba da kansa zai daki siminti, wanne ya fi? Ba da gangan na ja shi ba.

Anti Fiziyo: Ba wanda ya ce da gangan ne. Hajiya ki yi haƙuri amma a nan ban yarda ba, ɗauri ba ya mayar da wannan jijiyar, kuma ɗauri mai tsauri a hannun ƙaramin yaro yana iya tare jini. In yatsun suka kumbura ko suka yi sanyi ko launinsu ya sauya a kwance shi nan take a tafi asibiti. Kuna Kano ga Asibitin Ƙashi na Dala a kusa da ku, mutane daga wasu jihohi suke zuwa.

Ke kuma Malama, kin ce siminti. Nan matsalar take. Niyyarki daidai ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar minti 180 na motsi iri-iri a yini, 60 daga ciki wanda zai sa shi haki, kuma kada a tsare shi wuri ɗaya fiye da awa 1 a jere. Saboda haka zaman benci daga 8 zuwa 12 shi ma cuta ne. Amma ba a tsalle a kan siminti, tabarma kuma zamewa take yi. Ki sa a kawo miki yashi ko baro huɗu ne a zuba a kusurwa ɗaya, ki tankaɗe shi saboda kwalba da ƙusa. Kuma kin fara daga sama ne. Sauka ake fara koya wa yaro kafin hawa: yana tsaye a ƙasa ya yi tsalle a inda yake, ya sauka da ƙafa biyu tare, gwiwa a lanƙwashe, hannuwa a gaba, ki ce musu wanda ya sauka ban ji ƙararsa ba kamar mage shi ya ci. Sai tsallake layin alli, sai igiya a kwance a ƙasa, sai taya a kwance, in sun ƙware. Benci ki kife shi ko ki shigar da shi ciki lokacin wasa. Kuma ɗan 2 da rabi da ɗan 5 ba sa wasa ɗaya, na farkon yanzu yake koyon ɗaga ƙafa biyu daga ƙasa, langa sai wajen shekara 4. A cire silifas, yara mata a sa musu wando a naɗe hijabi. Adungure kada ma ki fara da waɗannan ƙananan, wuya ba abin wasa ba ne.

Maman 'Yan Biyu: Ni tsallen kwaɗon nan ne ya tsaya min a rai wlh. Wata makaranta da na sa 'yata, an makara da ita saboda mai adaidaita bai zo da wuri ba, laifin yarinya 'yar shekara 6 ne? Aka sa ta kama kunne ta yi ta tsalle daga get har ƙofar aji, kwana uku tana tafiya kamar tsohuwa, in za ta tsuguna a banɗaki sai ta yi kuka. Na je na yi magana shugabar ta ce min tarbiyya ce. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, ga kuɗin makaranta ba a rage ko sisi ba.

Malamar Zaure: Nawa ba horo ba ne Maman 'Yan Biyu, sau biyar ne kacal kuma suna dariya suna kukan kwaɗo, wanda ya gaji ya zauna. Ban taɓa dukan yaro ba.

Uwargida Zariya: Duk wannan dogon bayanin na Anti ba zai hana uwa zuwa ƙofar gidanki ba. Iyaye ABC da alif ba suke so su ji a bakin yaro in ya dawo. Ni da nawa ne ma zan cire shi gaskiya.

Amaryar Bana: Anti Fiziyo dan Allah nawa wata 14 bai fara tafiya ba, kishiyar babata sai gori take min wai goyo ya yi yawa, in saya masa keken koyon tafiya?

Anti Fiziyo: Kada ki saya, keken nan ba ya koyar da tafiya, kifewa yake da yara a bakin dakali ya kai su wajen murhu. Ki bar shi a ƙasa ya kama kujera ya miƙe, ki yi masa tatata, wata 14 bai makara ba, in ya kai 18 shiru sai a duba shi. Malama ke kuma yara 14 mutum ɗaya ba zai yiwu ba, ido biyu gare ki. Ki raba su gida biyu, ki samo mai taya ki ko na rabin awar nan ne, kuma ɗaya bayan ɗaya za su yi.

Malamar Zaure: Anti da me zan biya mai taya ni, abin da nake samu sabulu da alli ne. Yashin ma uwar mijina ba za ta yarda a zuba mata a tsakar gida ba, ita da take sa a share sau uku a rana. Kuma wata bakwai muna yi a kan simintin nan ko ƙwarzane ba wanda ya taɓa yi, wannan ma shi ya hau bencin da kansa na juya ina ɗaura wa wata ɗankwali.

Hajiya Kaka: Ki ɗauki 'yar lemo da sabulu ki je ki duba yaron ke dai, ki ba uwar haƙuri ko ba ki da laifi. Kin je kuwa?

Malamar Zaure: Na kira ta sau huɗu ba ta ɗauka ba. Maigida ya ce kada in je sai ta huce.

Anti Fiziyo: Hucewarta daban, hannun yaro daban. Ki tura ƙanwar mijinki yanzu ta duba yatsunsa ta zo ta faɗa mana.

Amaryar Bana: Malama a wace unguwa kike, kuma kina karɓar 'yan ƙasa da shekara 2?