Fankar lantarki ko ta kuloci, wacce ta fi wa tsohuwar Hiace?

Abban Hanifa:
Salam 'yan uwa, masu sanin harkar mota dan Allah a ba ni shawara. Tsohuwar Hiace ce da ni mai fetur, ina ɗaukar fasinja Kawo zuwa Zariya, to tunda zafin nan ya shigo in na shiga gosulo musamman wajen Kasuwa sai in ga allurar zafi tana hawa, amma da na hau babban titi na taka sai ta sauko ta koma daidai. An wanke lagireto, ruwa baya raguwa. Makanikina ya ce a cire fankar kulocin gaba ɗaya a sa ta lantarki, wani kuma ya ce a'a a ɗaure kulocin da kusa ta dinga juyawa tare da inji kawai. Wanne zan bi? Ina tsoron gaskit ya ƙone min wallahi, da motar nan nake ciyar da gida.

Baba Na Panteka:
Wa'alaikumussalam ɗana. Yadda ka kwatanta ɗin nan ai motar ta riga ta faɗa maka ciwonta, a kan gudu iskar hanya ce ke sanyaya lagireto ba fanka ba, sai an tsaya ne ake sanin ko fanka na aiki. Kulocin nan man silikon ne a cikinsa, a fuskarsa akwai wani ɗan ƙarfe a naɗe da yake jin zafin iskar da ke fitowa daga lagireto, in ta yi zafi sai ya buɗe wa man hanya kulocin ya kama fanka ta ja iska da ƙarfi, in ta huce ya saki. Idan man ya tsiyaye to fanka za ta yi ta juyawa a ido amma ba ta jan komai.

Ka gwada da kanka, ka kashe mota ka zare makulli ka juya fankar da hannu. Mai lafiya za ka ji tana da nauyi, da ka saki take tsayawa, amma in ta ci gaba da zagayawa ita kaɗai ta mutu. Ka duba tsakiyarta ko akwai maiƙo da ƙura ta manne, ka girgiza ta ka ji ko tana rawa. Sannan robar nan da ke zagaye fanka a bayan lagireto tana nan? Yara da yawa in ta fashe sai su jefar su ce ado ce, alhali in babu ita fanka iskar gefe take ja maimakon ta ja ta cikin lagireto.

Maganar ɗaurewa da kusa kuwa kar ka yarda. Za ta yi ta gurnani, ta sha maka mai, ta wahalar da fambel da berin ɗin famfon ruwa, kuma a babban gudu fiffiken roba zai iya tsinkewa ya huda lagireto. Ni shawarata ka nemi kuloci mai kyau ko da na Beljiyam ne ka mayar yadda kamfani ya yi ta.

Shamsu Rewaya:
Baba ya faɗi gaskiya amma bari in ɗan kare ɓangarenmu. Fankar lantarki tana da abin da ta fi, ita ba ruwanta da gudun inji, ko kana tsaye a silo za ta juya da cikakken ƙarfinta, ita kuwa ta kuloci ko ta kama gudunta na bin na inji ne, a silo kaɗan take ja. Kuma ai duk su Corolla da Camry da Accord da injinsu ke kwance a gicciye lantarki ne da su don fambel ɗinsu gefe yake kallo, suna yawo a zafin nan lafiya lau.

Matsalar ita ce yadda ake haɗawa. Babbar fanka tana iya jan amfiya 20 ko fiye, dole a sa mata rilai da fiyus da waya mai kauri da makunnin da ke jin zafin ruwa, sannan a tabbatar altaneta zai ɗauka, don da dare ga fitilu ga fanka sai ka ga batir yana sauka. Mutane sai su sayo ƙaramar fankar wata mota su ɗaure da waya su haɗa ta dairek da makulli, ba ta rufe faɗin lagireton ba, ranar da fiyus ya ƙone kana tsakiyar hanya babu abin da zai gaya maka sai hayaƙi.

Ummar Rigasa:
Ni a Hilux ɗina barin ta kulocin na yi na ƙara ƙaramar ta lantarki a gaba saboda AC, ina kunna AC take tashi. A gosulo sanyi baya yankewa yanzu.

Abban Hanifa:
Allah ya saka da alheri. Baba na gwada, tana zagayawa sakayau ba nauyi ko kaɗan, kuma robar nan rabinta ne ya rage. Wata tambayar, tun kafin in sayi motar an cire tamostat, wato abin nan da ke tare ruwa kar ya tafi lagireto sai inji ya ɗumi, in bar ta haka?

Baba Na Panteka:
A'a ɗana ka mayar da shi, da yawa na Toyota a wajen digiri 82 suke buɗewa kuma haka aka tsara injin ya yi aiki, in babu shi da safe inji baya saurin ɗumi sai ya ƙara shan mai. Ka sai kulocin da robar tare, ka tafi da tsohon kulocin a hannunka a gwada ramukan kusoshi don ba duka ne iri ɗaya ba. In an ɗaura za ka ji fankar ta yi ƙugi na ɗan lokaci da ka tada mota da safe sannan ta lafa, wannan lafiyarta ce kar ka mayar wa mai kaya. Ka sa a hura fuskar lagireton ma, ƙurar hunturu tana toshe shi ta waje ko an wanke cikinsa, kuma kar ka kuskura ka buɗe murfinsa da zafi.