Yaushe ɗan wasan jami'a yake cancantar muƙala tasa ta kansa?

Sabuwar Edita ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wata muƙala da na fara rubutawa a Wikipedia, amma shakku ya sa na dakata. Batun wani matashi ne da ke buga ƙwallon kwando a wata jami'ar Amurka da ke rukuni na ɗaya na hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'i a ƙasar. Shekararsa ta uku ke nan a ƙungiyar, kuma kusan kowane wasa da shi ake farawa. Da na zauna tattara madogara, abin da na samu shi ne shafinsa a gidan yanar gizon jami'ar, da jadawalin sakamakon wasanni inda sunansa ke fitowa tare da makin da ya ci, sai wani dogon rahoto guda da jaridar garinsu ta yi a kansa lokacin da ya samu gurbin karatu. Na rubuta sakin layi biyu, da na zo na uku sai na ga ba ni da abin faɗa illa maimaita alƙaluma. Shin buga wasa a rukuni na ɗaya ya wadatar, ko kuwa sai ya shiga gasar ƙwararru tukuna?

Tsohon Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Ai amsar tana cikin bayaninki, a daidai inda kika ce sakin layi na uku ya gagara. Muƙala ba lambar yabo ba ce da ake bai wa wanda ya iya wasa. Tarihin mutum ne da ake ginawa daga abin da wasu, waɗanda ba su da alaƙa da shi, suka riga suka rubuta a kansa da zurfi. Shafin jami'a ba ya shiga lissafi, domin jami'ar tana da riba a tallata ɗan wasanta. Jadawalin sakamako ma haka, tunda duk wanda ya taka fili sunansa zai fito a ciki. Rahoton jaridar nan ne kaɗai ke da nauyi, shi ma ki duba ko ɗan jarida ne ya yi aikinsa, ko sanarwar makaranta ce aka sake bugawa.

A shekarar 2022 editocin sashen Turanci na Wikipedia sun yi doguwar muhawara a kan 'yan wasa, suka soke ƙa'idojin da ke ɗaukar shiga wata gasa kawai a matsayin shaidar cancanta, suka kuma wajabta a kawo aƙalla majiya ɗaya da ta yi cikakken bayani a kan mutumin. Sai dai shiga gasar ƙwararru ba sharaɗi ba ne. Jay Berwanger na Jami'ar Shikago, wanda a 1935 ya fara lashe kyautar gwarzon ƙwallon ƙafar Amurka na jami'o'i, wadda aka sani yau da Heisman, shi aka fara zaɓa a zaɓen 'yan wasa na farko da NFL, gasar ƙwararru ta ƙwallon ƙafar Amurka, ta yi a 1936, amma bai taɓa buga mata wasa ba. Duk da haka babu mai musun cancantarsa, domin an yi ta rubutu a kansa tsawon shekaru.

Mai Bin Gasa ta amsa:

Na yarda da Malam a kan ƙa'ida, amma ina so a yi hattara kada kalmar jami'a ta sa mu raina abin. A Amurka wasan ɗalibai ba ƙaramin lamari ba ne. Filin Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da 107,000, kuma wasan ƙarshe na ƙwallon kwandon mata a 2024, tsakanin Iowa da South Carolina, mutane fiye da miliyan 18 ne suka kalle shi a talabijin. Caitlin Clark, 'yar ƙwallon kwandon Iowa, tana ɗaliba ta karya tarihin yawan maki a rukuni na ɗaya, wato maki 3,667 da Pete Maravich ya kafa tun 1970. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, an zaɓe shi gwarzon matakin ƙarshe na gasar ƙwallon kwandon NCAA ta 1983 yana Jami'ar Houston, alhali ƙungiyarsa ce ta sha kashi a wasan ƙarshe, kuma sai a 1984 ya shiga NBA, gasar ƙwararru ta ƙwallon kwando. Irin waɗannan, jinkirta muƙalarsu har sai sun gama karatu kuskure ne.

Abin da ke damuna da dogaro ga jaridu kaɗai shi ne, jaridun ba su yi wa kowa adalci ba. Hukumar NCAA ba ta fara shirya gasar ƙwallon kwandon mata ba sai a 1982, kuma ko bayan nan an daɗe ana ba su 'yan layuka a ƙasan shafi. Idan muka ce wanda ba a rubuta ba bai cancanta ba, mun gaji son zuciyar da aka yi a baya ke nan.

Tsohon Hannu ya sake amsawa:

Ƙorafinki gaskiya ne, Malama, kuma maganinsa shi ne a ƙara tono a tsofaffin jaridu da littattafan tarihin wasanni, domin sau da yawa rubutun yana nan, ba a neme shi ba ne. Amma sassauta ma'auni ba zai cike giɓin ba. 'Yan wasan da ke ƙarƙashin NCAA sun kai kimanin rabin miliyan, kuma waɗanda ke zama ƙwararru a cikinsu ba su kai biyu cikin ɗari ba. Sauran za su kama wasu sana'o'i. Na taɓa cin karo da muƙalar wani tsohon ɗan wasan jami'a mai layi huɗu, wadda aka yi shekaru babu mai leƙa ta, sai wani ya shigo ya ƙara masa zargi marar tushe, ya zauna a shafin watanni kafin a lura. Mutum ne mai rai, mai neman aiki, kuma duk wanda ya nemi sunansa a intanet abin da zai fara gani ke nan. Ga kuma wani sabon abu: tun watan Yulin 2021 aka ba ɗalibai damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu, saboda haka rubutun talla mai kama da labari ya yawaita, dole a riƙa tantance wanda ya biya kuɗin rubutun.

Shawarata ga mai tambaya ita ce ta sa bayanin matashin a muƙalar ƙungiyarsa ta wannan kakar, ta kuma karkatar da sunansa zuwa can, yadda mai nema zai same shi.

Sabuwar Edita ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na koma na sake karanta rahoton jaridar, na tarar fiye da rabinsa maganar kocinsa ce da ta mahaifiyarsa, don haka ban ga zai iya ɗaukar muƙala shi kaɗai ba. Na mayar da sakin layin nan biyu shafina na gwaji, na kuma ƙara sunansa a jerin 'yan wasan ƙungiyar. Zan sake dubawa bayan gasar ƙwallon kwandon NCAA ta watan Maris, idan wata jarida mai zaman kanta ta yi cikakken rubutu a kansa sai in dawo da maganar nan.