Fuskar Mama tana yin duhu a duk hoton da na ɗauka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin harkar hoto ku taimaka min, abin nan ya daɗe yana damuna.

Mahaifiyarmu ta manyanta, ina so in tara hotunanta da jikokinta masu kyau. Ba ta son a riƙa tashinta, kujerarta kuma tana jikin taga, hasken yana shigowa ta bayanta. Duk hoton da na ɗauka, waje ya fito tas, fuskarta kuwa ta yi duhu, da ƙyar ake ganin idanunta. Na gane kyamarar wayar hasken tagar take aunawa. Sai na koma taɓa fuskarta a allon waya kafin in danna. Fuskar ta haskaka, amma tagar ta zama fari fat, har hasken ya cinye gefen kanta. Na kunna HDR, wato tsarin kyamara mai daidaita haske da duhu a hoto, amma sauƙin kaɗan ne.

Da dare ma wata matsalar ce. Tsarin ɗaukar hoton dare yana buƙatar a tsaya cak na daƙiƙa 2 ko 3, yaro ɗan shekara 4 kuwa ina zai iya! Jiya ƙaramin ya kwantar da kai a cinyarta tana shafa shi, hoton ya fito hannunta kamar hayaƙi. Har yanzu abin yana min ciwo. Fitilar waya kuma sai ta sa goshi ƙyalli, Mama ta runtse ido.

To a ina ya kamata in tsaya, tunda kujerar ba za ta motsa ba? Sakin labule mara kauri zai taimaka? Da dare kuma, in na ƙara fitila ɗaya, ta wane gefe zan ajiye ta?

Na gode, Allah ya saka da alheri.