Raunin Mazakuta da Haihuwa: Shawarwarin da Aka Tattara

A wata tattaunawa kan raunin mazakuta da haihuwa, abin da masu tattaunawar suka fi nanatawa shi ne, raunin mazakuta daban, rashin haihuwa daban. Namiji kan kasa samun miƙewar gaba alhali maniyyinsa lafiya lau, matsalar kawai isar da shi ce. Wani kuma ƙarfinsa ba laifi, amma ƙwayoyin haihuwarsa sun yi ƙaranci. Saboda haka shawarar farko: a je a gwada maniyyi, bayan an ƙaurace wa saduwa kwana 2 zuwa 7. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa mafi ƙarancin adadin ƙwayoyin haihuwa a miliyan 16 cikin kowace mililita ta maniyyi.

An daɗe a kan ciwon suga, hawan jini, ƙiba da shan taba, domin duk suna lalata jijiyoyin jini, kuma raunin kan zama gargaɗin farko na ciwon zuciya. Fargaba ma tana taka rawa, musamman idan matar ta ce yau ce ranar da ake sa ran ciki, sai mutum ya ji kamar jarrabawa zai zauna.

Gargaɗin da na fi ɗauka da muhimmanci: kada mai neman haihuwa ya yi allurar testosteron (sinadarin mazakuta na jiki) da kansa, tana iya tsayar da samar da ƙwayoyin. Viagra kuma haɗari ce ga mai shan maganin zuciya na naitiret.

Wanda ya daina taba ya yi haƙuri, sababbin ƙwayoyi na ɗaukar kusan wata 3 kafin su nuna.